Matacciyar fatar da muke dirzewa, datti ce ko ita ke riƙe mana ruwa?

Maman Biyu: Slm jama'ar gida, dan Allah masu sani ina da tambaya. Kullum ana ce mana a dinga dirje matacciyar fata wai don sabuwa ta fito ta yi sheƙi, toh ni abin da ya ɗaure min kai, duk wadda na sani mai yawan dirza ita ce kuma fatarta tafi saurin bushewa, da ta fito wanka kafin ta kai ga shafa mai fuskar har ta ɗaure tana ja, wani sa'in ma in ta shafa man sai ya dinga yi mata raɗaɗi. In dai matacciyar ce matsalar ai kamata yayi cire ta ya kawo sauƙi ko ba haka ba?

Gimbiya: Wslm Anti. Nikam ban ga laifin dirza ba, rashin shan ruwa ne ke damun mutane. Fata duk kwana 28 take sabuntawa, in baki cire tsohuwar ba taruwa take ta toshe miki ƙofofin gashi, kuma duk man da kika shafa a kanta yake zama baya shiga ciki. Ki sha ruwa sosai ki dirje jikinki zaki ga bambanci.

Ɗalibar Likitanci: Wa alaikumussalam Anti Maman Biyu, abin da kika lura dashi gaskiya ne kuma yana da dalili, amma sai na ɗauko zancen daga tushe, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Fatar sama, wadda a asibiti ake ce wa efidamis, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin halittar da suka gina ta iri ɗaya ne, sunansu keratinosait. Can ƙasa ake haifarsu, a layin ƙarshe wanda ke zaune kan naman fata mai jijiyoyin jini, kuma a nan ne suke rabuwa biyu suna yawaita. Duk ƙwayar da ta bar wannan layin ta gama haihuwa kenan, sai ta kama hanyar sama na bayanta na turo ta, tana tafe tana canzawa, har irin keratin ɗin da take haɗawa, wato furotin mai tauri da ke cika cikinta, ba irin na farko bane, jikinta na bajewa yana yin fale-fale. In ta iso layin da ke dab da sama nan ne take yin aikin da aka haife ta dominsa, ta fito da wasu ƙananan jakunkuna cike da maiƙo ta zazzage su a tsakaninta da maƙwabtanta, ta gina wa kanta ɓawo mai tauri da furotin irin su lorikirin, sannan ta narkar da cibiyarta mai ɗauke da DNA da sauran kayan cikinta gaba ɗaya, ta mutu. To wannan mutuwar ba lalacewa bace, nan ne ƙwayar ta ƙosa, duk tafiyar da ta yi don ta kai nan ne. Waɗannan matattun su ke jeruwa hawa 15 zuwa 20 a mafi yawan jiki, kaurinsu duka bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ɗaya ba, amma su ne suka tsaya tsakanin ruwan jikinki da iskar waje. Wani masanin fata a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Peter Elias, shi ya yaɗa kwatancen da ake koyar damu dashi tun shekarun 1980, cewa matattun ƙwayoyin su ne bulo, maiƙon da ke tsakaninsu kuma shi ne siminti. Mai dirza kullum katangar take kankarewa.

Maman Biyu: Ikon Allah. Wato abin da muke ce wa datti shi ne ginin ma gaba ɗaya

Ɗalibar Likitanci: Shi ne Anti. Da shi ɗin ma lafiyayyen mutum yana rasa ruwa kamar mililita 300 zuwa 400 ta fata a rana, banda gumi, ruwa ne da ke sulalewa a hankali baki gani baki ji. In katangar ta samu matsala wannan adadin hawa yake. Shi yasa bakwaini da aka haifa tun kafin mako 34 ake tsare shi sosai a kwalba mai ɗumi da danshi, ƙwayoyin fatarsa basu gama koyon wannan aikin ba, ruwa zuba yake daga jikinsa.

Gimbiya: Toh naji, amma ai ke da bakinki kika ce sababbi na tahowa daga ƙasa kullum. In na cire na sama na ƙasa zasu maye gurbi, har ma ance dirzar na sa su yi sauri. Ina asarar?

Ɗalibar Likitanci: Saurin ne asarar Yaya Gimbiya. Kwana 28 ɗin nan da ake ta faɗa ƙiyasi ne, wasu gwaje-gwajen sun samu kwana 40 zuwa 56, kuma yana ƙara jinkiri in shekaru sun ja, amma abin lura shi ne ƙwayar na buƙatar wannan lokacin don ta haɗa kayanta. Akwai ciwon fata da ake kira soriyasis, a cikinsa ƙwayoyin na yin wannan tafiyar cikin ƙasa da mako ɗaya, ki duba abin da ke faruwa, suna isowa sama ɗanyu, da yawansu ma da cibiyarsu bata narke ba, maiƙon bai tsaru ba, sai fatar ta yi kauri tana ɓarewa fari-fari kuma ruwa na fita ta wurin fiye da lafiyayyar fata. Ga ƙwayoyi birjik amma ba kariya. Ban ce dirza na kawo soriyasis ba fa, kar a fahimce ni baibai, misali nake bayarwa na abin da gaggawa ke haifarwa. Fatar da ake ta kankara kullum tana cikin gyaran gaggawa, abin da take turowa sama bai gama nuna ba, sheƙin da ake gani bayan dirza kuma santsin wurin ne yake maido haske, ba alamar ta ƙoshi da ruwa bane.

Auta: Wlh wannan sheƙin shi ke ruɗarmu. Amma Yaya ni tambayata daban ce, matacciyar ƙwaya ta yaya zata riƙe ruwa? Abu ya mutu ai ya bushe kenan

Ɗalibar Likitanci: Yawwa ƙanwata, nan ne wurin da yafi burge ni a duk karatun fata. Kafin ƙwayar ta mutu tana tara wani ƙaton furotin a cikinta a dunƙule, lokacin mutuwar sai a daddatsa shi ya zama filagirin. Aikinsa na farko ya tattaro zaruruwan keratin ya ɗaure su tamau, shi ke sa ƙwayar ta kwanta ta baje. In ya gama wannan, ƙwayar ta ƙara matsawa sama inda iska ta fara busar da ita, sai wasu enzayim, wato sinadaran jiki masu sarrafa wasu sinadarai, su farfasa filagirin ɗin kansa ya koma ƙananan sinadarai, amino asid da danginsu, su haɗu da yuriya da laktet da gishiri-gishiri, kuma dukkansu masu jan ruwa ne suna riƙewa. Wannan haɗin shi ake kira NMF, a taƙaice sinadaran danshin da fata ke haɗa wa kanta, a cikin matattun ƙwayoyin yake zaune. Abin mamakin ma in iska ta bushe fata na ƙara farfasa filagirin don ta samu NMF da yawa, sai dai tana buƙatar kwanaki kafin ta daidaita, shi yasa farkon shigowar sanyi da busasshiyar iska kowa ke fama. To kinga ƙwayar da aka kankare kafin lokacinta, ko wadda aka turo da gaggawa bata tara filagirin isasshe ba, da me zata riƙe ruwan?

Mai Haɗa Magani: Assalamu alaikum, Allah ya saka da alheri ɗalibarmu, bayani ya fita. In ƙara abu ɗaya ta ɓangaren namu na kanti da sinadarai, don mutane sun fi cutar da fatarsu a banɗaki fiye da wurin shafa mai. NMF ɗin nan da ta faɗa yana narkewa a ruwa, wato duk daɗewar da kika yi cikin ruwa, musamman mai zafi, wanke shi kike. Na biyu simintin, a nauyi kusan rabinsa wani irin maiƙo ne da ake kira seramaid, kwata kolestarol, sauran mafi yawa asid na kitse, kuma abin da jakunkunan suka zazzago ba gamammen siminti bane, sai wasu enzayim sun sarrafa shi a wurin kafin ya zama seramaid, su kuma waɗannan enzayim ɗin basa aiki da kyau sai wurin na da ɗan tsami. Saman fata mai lafiya pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami wanda in lambar ta yi ƙasa tsamin ya fi yawa, tsakanin 4.5 da 5.5 yake, tun 1928 wasu likitoci biyu a Jamus, Schade da Marchionini, suka yi rubutu kan wannan tsamin. Sabulun sanda na gargajiya kuwa 9 zuwa 10 yake. In kika wanke dashi tsamin ya tafi, sai an ɗauki awanni kafin ya dawo, in kuma sau uku sau huɗu kike wankewa a rana to yaushe ya dawo? Masu haɗa seramaid sun tsaya, wasu enzayim masu tsinka ƙwayoyi su zubar kuma a irin wannan yanayin suka fi ƙarfi. Jan da fuska ke yi bayan wanka mutane na ɗauka tsafta ce, alhali maiƙon ne aka kwashe.

Uwar Gida: Malam to kar mu yi wanka da sabulu kenan?? Gsky wannan da wuya

Mai Haɗa Magani: A'a Hajiya ba haka nake nufi ba. A yi wanka, amma ruwa mai ɗumi ba mai ƙuna ba, kar a daɗe, sabulu ya fi yawa a wuraren da ke tara gumi da wari, hammata, matsematsi, ƙafa. Ƙwauri da hannu da baya basa buƙatar a cuɗe su da kumfa da soso mai kaushi kullum. Ga fuska a nemi abin wankewa mai laushi wanda aka rubuta pH ɗinsa kusa da 5.5. In an fito a ɗan dadanna tawul kar a goge da ƙarfi, a shafa mai jikin na da sauran laima.

Gimbiya: Har yanzu ba wanda ya taɓa maganar shan ruwa da na kawo

Ɗalibar Likitanci: Afuwan Yaya, gata nan. Wanda ruwan jikinsa ya ƙare da gaske, kamar mai gudawa ko zazzaɓi, zaki gani a fatarsa, wannan dole ya sha. Amma mai shan ruwa daidai buƙata, ƙarin kofuna ba zai gyara masa busasshiyar fata ba, ƙoda ce zata fitar. Ƙwayoyin ƙasa masu rai kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne ko a mai busasshiyar fata, a saman ne yake sauka zuwa wajen 15 zuwa 30, wato ruwan na nan a ƙasa, riƙe shi a sama ne ya gagara. Ki sha ruwa don lafiyarki, amma matsalar Anti Maman Biyu ba daga nan take ba.

Hajiya Babba: Sannunku 'ya'yana, ina ta karantawa. Ni shekaru sun ja, ƙwaurina kullum furu-furu yake yana saɓa, in na sa baƙin kaya sai inga gari-gari a jiki. Yanzu in ba dirzewa ba ya zan yi da wannan saɓar? Ai a ido dai matacciyar fata ce ta taru, ba wanda zai ce min ba ita bace

Ɗalibar Likitanci: Ranki ya daɗe Hajiya, ita ce tabbas, amma dalilin taruwarta ne abin dubawa. Matattun ƙwayoyin nan a maƙale suke da juna da wasu ƙananan maɗaurai na furotin, kuma akwai enzayim da aikinsu kenan su tsinka maɗauran a hawa na sama don ƙwayoyin su faɗi ɗaya bayan ɗaya, lafiyayyar fata kullum tana zubarwa amma ido baya gani. Su waɗannan enzayim ɗin sai da ruwa suke aiki. In wurin ya bushe sai su kasa, ƙwayoyin su riƙa ɓallewa a tattare da yawa, shi ne saɓar da kike gani, a fata mai duhu kuma tafi fitowa fili don gefunan da suka ɗaga suna watsa haske. Kinga bushewa ce ta kawo saɓa, in kika dirje zata tafi yau jibi ta dawo fiye da da. In kika bata danshi na kwanaki a jere da kanta zata koma zubarwa yadda ya kamata. Kuma da girma fata na rage haɗa maiƙon, gyaranta ma jinkiri yake, matashi in aka kankare masa katangar cikin kamar kwana 3 ta farfaɗo, dattijo yana iya wuce mako, don haka ke kin fi kowa buƙatar a bi fatarki a hankali.

Hajiya Babba: Allah yayi albarka. To ni basilin na sani tun tasowata, amma jikokina sun ce wai toshe fata yake baya barinta ta yi numfashi

Mai Haɗa Magani: Hajiya ki riƙe basilin ɗinki. Fata ba numfashi take irin na huhu ba, ƙwayoyin ƙasa daga jini suke samun abincinsu. Tun 1872 Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka kuma har yau ba a samu abin da ya fishi tare ruwa ba, yana rage fitarsa da kusan kashi 98 cikin 100, an kuma duba da madubin ƙara girma an ga yana ratsawa tsakanin ƙwayoyin saman, baya hana fata ci gaba da gyaran kanta a ƙarƙashi. Abu ɗaya dai, shi bashi da ruwa a cikinsa, tarewa kawai yake. Tun 1952 wani mai bincike Irvin Blank ya nuna cewa busasshen yankin fata mai kanta in ka jiƙa shi a mai baya laushi, ruwa ne ke tausasa shi. Don haka shafa basilin a kan busasshiyar ƙafa ƙarau bai kai shafa shi bayan wanka da laima ba. Wanda fuskarsa ke yawan maiƙo da ƙuraje ne zan ce ya nemi wani abu mara nauyi.

Auta: Toh mu masu siram fa, ni ina da hayaluronik asid da nayasinamaid da kirim mai seramaid, duk asarar kuɗi nayi kenan?

Mai Haɗa Magani: Ba asara bace ƙanwata, amma ki san aikin kowanne. Hayaluronik mai jan ruwa ne, yawancinsa ƙato ne a sama yake zama, in baki rufe shi da kirim ba a busasshiyar iska ruwan da ya jawo tashi zai yi. Gilisirin ma irin aikin yake kuma ni a ganina ba a bashi darajar da ta kamace shi, shi ƙarami ne yana shiga tsakanin ƙwayoyin. Nayasinamaid daban yake, an nuna yana sa ƙwayoyin su ƙara haɗa seramaid nasu na kansu, wato a wurin ƙosawar yake taimakawa, shi yasa sai an yi makonni ake ganin amfaninsa. Kirim mai seramaid kuma yafi kyau in da kolestarol da asid na kitse tare a ciki, don gwajin da aka yi ya nuna ba da guda ɗaya tal na iya jinkirta gyaran. Amma in kina shafa waɗannan duka da dare da safe kuma kina bi da sukurob, wato man dirza mai kaushi, da asid mai ɓare fata, aikin banza kike, abin da kika gina kike rushewa.

Auta: Na gane Malam. Amma akwai abin da bai zauna min ba. Kun ce gaggawa ce matsala, to retinol fa, sinadarin nan dangin bitamin A da ake shafawa a fuska? Ai shi ma aikinsa kenan sa ƙwayoyi su yi saurin juyawa, kuma likitocin fata da kansu ke rubuta danginsa. Ya za a ce wannan saurin mai kyau ne wancan mara kyau?

Ɗalibar Likitanci: Tambaya mai kyau wlh, kuma gaskiyar magana retinol bai tsira daga abin da muka faɗa ba. Makonnin farko fata na bushewa ta yi ja tana saɓa, ruwan da ke fita ta cikinta na ƙaruwa, katangar ta yi rauni da gaske, ba wai datti ke fita ba kamar yadda wasu ke cewa. Bambancin shi ne shi daga ciki yake aiki, yana shiga ƙwayoyi masu rai ya canza umarnin da suke bi, a hankali layin masu rai ya ƙara kauri, kolajin, furotin ɗin da ke ba naman fata na ƙasa ƙarfi, ya ƙaru, toshewar ƙofofin gashi ta ragu, akwai riba da aka tabbatar wadda ake biyan wannan wahalar dominta. Soso mai kaushi bashi da wannan ribar. Shi yasa ake cewa a fara kaɗan, dare biyu a mako, da kirim a kai, da man kariyar rana da safe, a kuma ajiye sauran masu ɓare fata. Mai ciki ko mai neman ciki kar ta taɓa shi sam, wannan ba wurin gwaji bane.

Baban Yara: Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo zancen mata. Yarona na fama da ekzima tun yana jariri, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, ƙaiƙayi har baya barci. Bama dirza masa komai, sabulun ma mai laushi ne. Shi me ya samu katangarsa?

Ɗalibar Likitanci: Wa alaikumussalam Malam, Allah ya bashi lafiya, zancen na kowa ne. Wasu da raunin ake haifarsu, ba laifin iyaye bane. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sukotland ƙarƙashin Irwin McLean suka gano cewa tawaya a ƙwayar gadon filagirin ɗin nan da na faɗa ita ke kawo wani ciwon saɓar fata na gado, kuma tana ƙara haɗarin ekzima sosai, a Turawa kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ita. Wannan binciken ya juya tunanin likitoci, da ana ganin ekzima matsalar garkuwar jiki ce kawai, sai aka gane a yara da yawa katangar ce ke fara yoyo, ƙura da sauran abubuwa su shiga, garkuwar jiki ta harzuƙa, kumburin kuma ya ƙara danne haɗa filagirin, abu ya yi ta zagayawa. Ba kowane mai ekzima ke da wannan tawayar ba, a baƙar fata ma irin na Turawan basu da yawa, amma raunin katanga kusan duk suna dashi. Shafa mai mai kauri da yawa kullum ginshiƙi ne, sai dai in wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi mai kaɗai ba zai kashe wutar ba, sai da maganin da likita zai rubuta, ku kai shi a gani dan Allah, in kuma yana ruwa ko ɓawon rawaya kar a jira.

Baban Yara: Nagode ƙwarai. Man zaitun muke shafa masa, ance shi yafi don ba sinadari a ciki

Mai Haɗa Magani: Malam da zaka ji shawarata da ka canza. An yi gwaji a Jami'ar Sheffield ta Ingila aka wallafa a 2013, manya suka shafa man zaitun a hannu na makonni 4, ya raunana katangar har da ɗan ja, man sunfulawa kuwa bai yi haka ba. Zaitun oleyik asid yafi yawa a cikinsa, shi kuma kutsawa yake ya hargitsa jerin maiƙon fata, sunfulawa linoleyik ne da shi wanda fata da kanta ke sa wa cikin wani nau'in seramaid. Kasancewar abu daga itace yake bai nuna ya dace da fatar da ke ciwo ba. Basilin tsantsa ko kirim mai kauri mara turare yafi masa.

Uwar Gida: Tunda an zo nan bari in yi tambayar da nake jin nauyi. Wata 'yar uwata ta daɗe tana shafa man bilicin, yanzu fuskarta ta yi siriri har jijiyoyi ake gani, komai ta shafa zafi, in ta daina kuma ƙuraje su feso ta yi ja. Wannan ma duk maganar ɗaya ce?

Ɗalibar Likitanci: Maganar ɗaya ce Anti, kuma abin na ci min rai don ana gani da yawa. Irin waɗannan mayukan da dama akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wato maganin kwantar da kumburi, kamar kulobetasol, wani sa'in ko a jikin kwalin ba a rubuta ba. Sitiroyid na rage haihuwar ƙwayoyin ƙasa, ya rage haɗa maiƙon, hawan matattun ya ragu, naman ƙasa ma ya sirance, shi ne jijiyoyin da ake gani da nankarwa. A hannun likita na ɗan lokaci magani ne mai amfani sosai, irin wanda yaron Malam ma zai iya buƙata, shafa shi wata da watanni ba dalili ne ɓarnar. Kar ki yi mata faɗa, ki raka ta wurin likitan fata da kwalbar man a hannu, don dainawar ma da tsari ake yinta, kuma ta sa a ranta cewa watanni zata ɗauka, sai sababbin ƙwayoyi sun yi tafiyar nan zagaye da yawa ba tare da an takura musu ba.

Gimbiya: Naji duk bayananku kuma na ƙaru, amma ni dai fatata mai maiƙo ce, in na bar ta sai ƙuraje da baƙin ɗigo a hanci. Ba zan yarda a ce cire matacciyar fata bashi da wuri kwata-kwata ba

Ɗalibar Likitanci: Yana da wuri Yaya, ban musa ba. A cikin ƙofar gashi ƙwayoyi kan manne su toshe, nan salisilik asid ke da amfani don yana narkewa a maiƙo ya shiga ramin, abin da soso ba zai iya ba ko kin kwana kina gogawa, gogar ma fasa ƙurajen take ta bar tabo mai duhu. Mai fata irin taki zata iya jure sau ɗaya ko biyu a mako. Ma'aunin da zaki riƙe, in man da kika saba shafawa lafiya ya fara yi miki raɗaɗi, ko fuskar na ƙyalli amma tana ja, to kin wuce gona da iri, ki ajiye komai sai abin wankewa mai laushi da kirim na makonni. Kuma maiƙon da ke fitowa a hancinki daga wasu glan yake, wato 'yan jakunkunan maiƙo da ke gindin gashi, daban yake da simintin da ke tsakanin ƙwayoyi, mutum na iya zama da fuska sharkaf da maiƙo katangarsa kuma na yoyo.

Gimbiya: Wannan na ƙarshen ban taɓa ji ba. Zan gwada salisilik ɗin in rage sukurob inga yadda zata kaya

Hajiya Babba: Saura faso, diddigena har tsagewa yake yana jini in sanyi ya shigo. Shi ma kar in goge da dutse?

Mai Haɗa Magani: Tafin ƙafa dokarsa daban ce Hajiya, hawan matattun a wurin ya ninka na fuska nesa ba kusa ba, in ya yi kauri ya bushe sai nauyin jiki ya tsaga shi. Ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ki ɗan goga a hankali iya inda ya yi kanta, kar a sa reza. Sannan ki nemi kirim mai yuriya ki duba lambar jikinsa, kashi 5 zuwa 10 danshi yake bayarwa, shi zaki shafa a ƙwauri, kashi 20 zuwa 40 kuma narkar da kanta yake, shi ne na diddige, ki bi da basilin ki sa safa ki kwanta. Inda ya tsage yana jini kar ki sa yuriyar zai yi zafi, basilin kawai har ya haɗe. Amma in kina da ciwon suga ki bar dutsen gaba ɗaya, a asibiti za a duba miki ƙafar.

Hajiya Babba: Ina da sugan kuwa ɗana, gara da ka faɗa

Mai Haɗa Magani: To Hajiya kar ki jira ranar ganin likitanki in da nisa, tsagar da ke jini a ƙafar mai suga a satin nan ya kamata a ganta, kuma kafin nan ki riƙa duba tafin da tsakanin yatsu kullum ko ki sa jikokin su duba miki, kar kuma a shafa mai a tsakanin yatsun.